Taɓawa Ta Biyu

Karatu: Markus 8:22-26

Ido haske kawai yake karɓa. Sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya ke fassara shi. In makanta ta daɗe, sashen yakan koma taya ji da taɓawa aiki. A 1728, likita William Cheselden na Ingila ya ba da labarin yaron da ya yi wa aikin yanar ido: idon ya buɗe, amma sai da ya shafa kyanwa ya bambanta ta da kare.

Makahon Betsaida ma ya fara ganin mutane kamar itatuwa, har Yesu ya sake taɓa shi. Ka ba da gaskiya, amma kana gani dishi-dishi? Kada ka karai, ka dawwama cikin Kalmar Allah.

Addu'a: Ya Yesu, sake taɓa ni in gani sarai. Amin.