Zama a Grenoble: Hawan Dutse, Abokan Tafiya da Baƙi Daga Gida

Idan karatu ko aiki ya kawo ka Grenoble, a kudu maso gabashin Faransa, ka fara haddace sunayen duwatsu uku tun kafin ka san sunayen unguwanni. A arewa akwai Chartreuse, a yamma akwai Vercors mai farin bango, a gabas kuma Belledonne, wanda ƙanƙara ke daɗewa a kansa har a shiga watan Yuni. Garin kansa a shimfiɗe yake a tsakiyarsu, wajen mita 212 sama da teku, inda kogin Drac ya haɗu da na Isère. Saboda shimfiɗar nan keke ya wadatar da mutum a cikin gari, ga kuma tiram mai layi biyar da ke kaiwa har jami'a a Saint-Martin-d'Hères. Wanda ya san duwatsun nan uku ba ya ɓata, domin ko ina ya tsaya ya ɗaga kai zai gane gabas, ya gane alƙibla, wadda ke kudu maso gabas, ta wajen Belledonne.

Amma amfanin duwatsun ya wuce nuna hanya. Ranar Litinin da safe, a ofis ko a aji, tambayar da za ka ji ana yi wa juna ita ce: ina ka hau a ƙarshen mako? A nan dutse ne dandali, shi ne majalisa. Mutumin da kuka yi wata shida kuna gaisuwar baki a bakin ƙofa, yini ɗaya a kan turba ya isa ya ba ka labarin mahaifiyarsa da garin da ya taso. Na ga 'yan'uwanmu da yawa da suka yi shekaru a garin nan suna cewa mutanensa ba su da sakin fuska, alhali an gayyace su hawa sau biyu ko uku sun ce a gajiye suke. Bafaranshe ba ya naci a gayyata. Idan ka ƙi sau biyu zai ɗauka ba ka so, ya ƙyale ka don girmamawa, kai kuma ka ɗauka wulaƙanci ne. Shawarata ita ce ka amsa gayyatar farko, ko da a ranka kana ganin hawan dutse ba gaira ba dalili aikin wanda ya rasa abin yi ne.

Kafin nan ka gwada ƙafarka a Bastille, tsohuwar ganuwar soja da ke tsaye a kan gari, mita 476 sama da teku. Daga bakin kogi ana hawa da ƙafa cikin ƙasa da awa guda, wani wurin turba, wani wurin matakala. Ranar da sama ta washe, daga can ana hango Mont Blanc. Idan ka kai ba tare da numfashinka ya sarƙe ba, sai ka nufi tafkin Achard daga Chamrousse, tafiya ce mai sauƙi a cikin itatuwa. Bayan nan ne za a fara maganar Moucherotte mai mita 1,901, wanda ake hawa daga ƙauyen Saint-Nizier, ko Chamechaude mai mita 2,082, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Chartreuse, har ya ɗan ɗara ƙololuwar Bagzan da ke ƙasar Agadas. Rashin mota ba hujja ba ne, domin bas na zuwa wasu daga cikin wuraren da ake fara hawa, sai dai a duba lokacin bas ta ƙarshe kafin a tashi.

Abin da sabon zuwa ya fi kuskurewa shi ne lissafin tafiya da kilomita. Mutanen dutse da tsawon hawa suke lissafi. Matsakaicin mai tafiya yana hawa kimanin mita 300 a awa guda, saboda haka idan aka ce maka gobe akwai mita 900, ka san awa uku ce ta hawa zalla, ban da hutu, ban da saukowa, kuma saukowar ce ke cin gwiwa. Kada kunya ta hana ka tambaya. Ka faɗa a fili cewa kai sabo ne. Ba wanda zai raina ka, za ma su sauya hanya saboda kai, kuma sun fi son su ji haka a gida da su gano a tsakiyar dutse.

Takalmi ne abin da bai kamata a yi masa rowa ba. Ka sayi mai kaurin ƙasa da ke kama dutse, ka sa shi a gari na 'yan kwanaki ya saba da ƙafa. Sauran kaya ana samunsu da araha a Decathlon ko a shagunan gwanjo. A jakar goyo a sa rigar ruwa, rigar sanyi, hula, fitilar goshi, abinci, da ruwa aƙalla lita biyu a lokacin zafi. Vercors da Chartreuse duwatsun farar ƙasa ne masu shanye ruwa, ana iya yini ba a ga ƙorama ba, don haka mai son alwala ya ƙara gora guda. Rigar sanyin kuwa ko a watan Agusta kada a bar ta, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi, iska kuma ta ƙara nata.

A kan hanya za ka riƙa ganin fenti a jikin itace ko dutse. Layi ruwan ɗorawa na gajerun hanyoyi ne, fari da ja na dogayen hanyoyi masu ɗaukar kwanaki. Idan layukan suka gicciye juna, ma'anarsa ba nan ba ce, ka koma. A tashi da sassafe, domin hadarin bazara da la'asar yake haɗuwa, kuma tsawa a kan tsauni ba abin wasa ba ce. A duba hasashen Météo-France tun da dare, kafin ranar tafiya. Idan wani abu ya faru a kira 112. Ina jaddada wannan domin baƙo yakan ji tsoron kiran jandarma, ko ya ji tsoron kuɗin jirgi mai saukar ungulu. Aikin ceto a dutse kyauta ne a Faransa, in ban da filayen wasan zamiya a kan ƙanƙara, inda ake biya. Jinkirin kira ne ke sa ƙaramin rauni ya zama babba.

Akwai kuma maganar kare, wadda na san tana damun mutanenmu. Tun da kyarkeci ya dawo duwatsun Faransa a farkon shekarun 1990, makiyaya ke ajiye manyan fararen karnuka da ake kira patu suna gadin tumaki. Idan ya taso yana haushi, ka tsaya cak. Kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda, kada ka duƙa neman dutse kamar yadda hannu ya saba. Ka yi masa magana a hankali, ka bari ya shinshina, sannan ka kewaye garken daga nesa. Da ka dawo gida ka duba jikinka saboda kaska, domin tana ɗauke da cutar Lyme, kuma jan da cizonta ke bari ba ya saurin nunawa a baƙar fata. In ka ji zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan cizo, ka gaya wa likita.

Ladubban tafiya kaɗan ne. Ana gaishe da duk wanda aka haɗu da shi a turba, abin da ba a yi a titin gari, kuma wannan zai yi maka daɗi. Ƙarfe bakwai na nufin ƙarfe bakwai. Idan motar wani aka shiga, a miƙa kuɗin mai ba sai ya tambaya ba. Kowa da guzurinsa yake zuwa, amma in an zauna ana miƙa wa juna, kuma dabino ko ƙuli-ƙuli ko dambun nama da ka yi a ɗakinka zai buɗe hira fiye da yadda kake zato. Abincin dutse kuwa sai an kula. Tartiflette da raclette galibi da naman alade ake cinsu, ana zuba giya a tukunyar cukun da ake kira fondue, koren abin shan nan mai suna Chartreuse kuma barasa ce mai ƙarfi. Ka faɗi abin da ba ka ci sau ɗaya, a sarari, tun ana shirya tafiya. Yawancinsu za su riƙe, har su riƙa tuna wa wasu. Haka ma salla: ka ce kana buƙatar minti biyar, ka ɗan kauce daga turba. Ke kuma 'yar'uwa, idan ba kya son gaisuwar sumbatar kumatu, ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi tun kafin a matso, hakan ya wadatar. Doguwar riga mai jan ƙasa tana da haɗari a gangare, wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa sun fi, ga sutura ga sauƙin taku.

Wanda ba shi da mai gayyatarsa ya nemi ƙungiya. A watan Satumba ƙungiyoyin gari kan baje kolinsu don karɓar sababbin mambobi, jami'a na da nata shirin fita dutse, ga kuma Club Alpin Français da aka kafa tun 1874, mai koyar da sababbi. Wannan ba ya hana zumunci da namu. Masallacin Juma'a da kasuwar Saint-Bruno, inda ake samun naman halal da kayan miya, nan ne za ka ji inda 'yan Nijar da 'yan Najeriya suke taruwa. Abin da nake roƙo shi ne in ka koyi hanya, ka ja ɗaya daga cikinsu ku hau tare.

Hunturu ne gwajin gaske. A Disamba yini bai kai awa tara ba, rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, kuma tana ɓuya a bayan Vercors tun kafin nan. Ɓuyar nan ba magariba ba ce, mai azumi ya bi jadawalin masallaci. Garin na zaune kamar a gindin ƙwarya, sai iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa ta riƙe hazo da hayaƙin motoci na kwanaki, alhali a sama rana ce tarwai. A irin ranakun nan ne ƙunci ke kama baƙo, ya kulle kansa a ɗaki yana kewar gida. Maganin yana bisa kansa: ya hau bas zuwa Chamrousse, inda aka yi wasu wasannin Olamfik na hunturu a 1968, ya tsaya a rana yana kallon gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. A tambayi likita game da bitamin D, domin fatarmu ba ta samun isasshe daga ranar hunturun nan. Kada a bar hanyoyin da aka tanada a shiga ƙanƙara ba tare da masani ba, saboda zaftarewarta na kashe har ƙwararru. Mai mota kuma ya sani cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayar hunturu ko sarƙa a yankunan dutse.

Sai ziyarar iyaye, wadda ita ce burin kowa. Ana fara ta ne daga ofishin magajin gari, inda za ka nemi takardar karɓar baƙo da ake kira attestation d'accueil. Za a nemi katin zamanka, shaidar haya da girman gidan, shaidar abin da kake samu, da kan sarki na haraji. Ainihin takardar ake aikawa gida, hoto ba ya yi. Baƙon na buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, bizar kuma ba ta wuce kwana 90 cikin 180. Ga 'yan Nijar lamarin ya ƙara nauyi tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, saboda haka a fara shiri da watanni. A gaya wa Hajiya tun da wuri cewa kilishi da man shanu da duk wani nama ko kayan nono ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, kada ta yi wahalar banza a ƙwace a filin jirgi. Filin jirgin Lyon ya fi na Paris kusa, wajen awa guda a bas, daga Paris kuma awa uku ce a jirgin ƙasa mai sauri. Ranar komawa kada a ƙetare ta ko da kwana ɗaya, domin hakan na iya rufe ƙofar zuwa na gaba.

Mayu da Yuni da Satumba sun fi dacewa da tsofaffi. A Yuli da Agusta kwarin na ɗaukar zafi mai tsanani, yawancin gidaje kuma ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Ka ɗauki hutu na kwanakin farko, domin dattijon da ya saba da zaure cike da jama'a zai sha wuya in aka bar shi shi kaɗai a hawa na biyar, ba harshe ba maƙwabci. Ba sai sun taka dutse da ƙafa ba. Akwai kwandunan gilashi masu tafiya a kan igiyar ƙarfe da za su kai su Bastille cikin 'yan mintoci. Tun 1934 ake hawa ta wannan hanya, kwandunan na yanzu kuma na 1976 ne. Lambun fadar Vizille shimfiɗaɗɗe ne, ga ruwa ga barewa, shiga kyauta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya a nemi shawarar likita kafin a kai shi wuri mai tsawo.

Kafin su koma, ka kira abokan hawanka gida su gaishe da Baba da Inna. A wurinsu gayyata zuwa gida babban abu ne, iyayenka kuma hankalinsu zai kwanta in sun ga da su wa kake shiga daji. Ka sanar da su mako guda kafin ranar, ka tambayi ko akwai wanda ba ya cin nama ko gyaɗa, a ajiye yaji a gefe kowa ya zuba daidai bakinsa. In hirar za ta wuce ƙarfe goma na dare, ka liƙa 'yar takarda a ƙofar shiga bene don maƙwabta su sani.