Tattalin Arzikin Bunƙasa Rijiyoyin Mai da Iskar Gas: Darasi daga Agadem da Kolmani

Gabatarwa

Rijiyar mai ba ta dawwama a kan ƙarfinta na farko. Rijiyar Oloibiri, wadda aka gano a 1956, ta daɗe da daina aiki. Wannan muƙala ta duba lokacin da ya dace a kashe kuɗi domin ƙara wa rijiya albarka.

Matakan Haƙo Mai

Masana sun kasa aikin gida uku. A matakin farko, matsin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke turo mai, kuma abin da ake samu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na man da ke kwance ba. A mataki na biyu, ana ɗura ruwa ko iskar gas domin farfaɗo da matsin. A na uku kuwa, ana amfani da tururi, sinadarai ko iskar kabon. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada.

Lissafin Riba

A ƙaddara gyaran wata rijiya zai ci dala miliyan 3, ya ƙara ganga 300 a kullum. Idan ribar kowace ganga dala 30 ce, jarin zai dawo cikin kwana 334. Idan ta sauko zuwa dala 10, sai an yi kwana 1,000. Shi ya sa faɗuwar farashi, irin ta Afrilun 2020, ke sa kamfanoni su jingine gyara.

Darasin Agadem

Tun 2011, filin Agadem na Jamhuriyar Nijar yake ciyar da matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a kullum. Ƙara haƙo bai zama abin riba ba sai da aka shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara fitar da mai a 2024.

Kammalawa

Filin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, yana fuskantar wannan lissafi, domin yana nesa da teku. Haka ma bututun AKK mai kilomita 614: masana'antun Sharaɗa da Chalawa a Kano ba za su mori iskarsa ba sai rijiyoyin da ke ciyar da shi sun wadata. Saboda haka, ya kamata a tanadi kasuwa da hanyar sufuri kafin a zuba jari a rijiya.