Me Ya Sa Sakamakon Bai Bi Jerin da Na Rubuta Ba?

Tambaya: Malam, ina koyon JavaScript. Na rubuta querySelectorAll("p, h2") don sakin layi su fara fitowa, kanu su biyo baya, amma sai suka zo a cakuɗe. Burauzata ce ke da matsala?

Amsa: Burauzarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. Waƙafin da ka sa tsakanin p da h2 bai ce mata ta kawo wannan tukuna sannan wancan ba. Abin da ya ce shi ne duk wanda ya dace da ɗayansu ta ɗauko shi. Ita kuwa tsarin rubutun HTML take bi daga sama zuwa ƙasa, uwa kafin 'ya'yan da ke cikinta. Kamar an aike ka kasuwa sayen albasa da tumatir ne: wanda ka fara tararwa a layi shi ke fara shiga kwando. Ko ka juya ka rubuta "h2, p", jerin ba zai canza ba.

Da gangan aka yi haka. Ƙa'idar Selectors API, wadda hukumar W3C ta tabbatar a 2013, ita ta wajabta shi, kuma laburaren JavaScript mai suna jQuery ya koma kan wannan tsari tun fitowar 1.3.2 a 2009. A ganina sun yi daidai, domin da wannan kira ɗaya tak kake haɗa jadawalin abin da ke ciki: querySelectorAll("h1, h2, h3") zai ba ka kanun kamar yadda mai karatu zai tarar da su. Abin da ya dace da sharaɗi biyu ma sau ɗaya yake fitowa.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne querySelector, mai dawo da abu guda. Wanda ya fara bayyana a shafin yake bayarwa, ko da sharaɗinsa ne na ƙarshe a jerinka. Haka nan idan ka sauya wa abubuwa wuri a fuskar allo da CSS, sakamakon yana nan kan tsarin HTML.

To, in lallai jerinka kake so, kira kowane sharaɗi daban, p tukuna sannan h2, ka haɗa su a Array ɗaya. Sai dai idan sharuɗɗan na iya kama abu ɗaya, kamar "p" da ".muhimmi", zai fito maka sau biyu. Zuba su cikin Set, zai cire maimaicin ba tare da ya hargitsa jerin ba.