Ƙiba ba shaidar jin daɗi ba ce

A Agyaragu, kamar sauran garuruwanmu, idan amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, sai dangi su fara tambaya ko mijin na ciyar da ita. Magidanci kuwa in ya ajiye tumbi, an ce kuɗi sun zauna. Wannan yabon ne ke kai wasu mata ga shan ƙwayoyin ƙiba na kemis, irin su dexamethasone, mai kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Ku guje shi.

Doyar garin nan ba ta da laifi. Manomin da ya wuni yana tada kunya ya ci malmala biyu na sakwara, jikinsa ya ƙone su. Dillalin da ke zaune a kasuwar doya, acaɓa ya kai shi ya dawo da shi, ga lemon kwalba kusa, lissafinsa daban ne. Ya rage malmala, ya ƙara miyar ganye.

Ku auna tsayinku da igiya, ku ninka ta biyu. In ba ta zagaye cikinku daidai cibiya ba, ku je asibiti a Lafia a duba jini da suga.