Wasan Kwana Huɗu: Darasi Daga Argungu Domin Hakimai da Malamansu

Idan kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, samari sukan je wurin dagaci neman izinin wasa. A gari kamar Lambara, wanda ke bakin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga ta nufi Shagari, wasa ba ya tsayawa ga mutanen gari kaɗai. Motoci suna sauke baƙi, 'yan dambe da 'yan kokawa suna jin labari a kasuwa, makaɗa kuwa ba sai an kira su ba. In na yini ɗaya ne, da sauƙi. In ya kai kwana uku ko huɗu, to, ya zama aikin hakimi, domin akwai maganar masauki, da ruwan sha, da kuma wanda ya sha kaye jiya ya kwana da abin a ransa.

Babban misalin da ya fi kusa shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wadda ke cikin Jihar Sakkwato kafin a yanke Jihar Kabi a 1991. Asalinsa sulhu ne. Tun zamanin jihadi Kabawa da Sakkwatawa suke gaba, aka shafe shekaru masu yawa ana kai wa juna hari. A cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan abin ya ɗore, ya bunƙasa ya zama wasan kwana huɗu, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya na gado a 2016.

Abu na farko da ya kamata hakimi ya lura da shi, shi ne yadda aka jera kwanakin. A kwanakin farko akan yi nunin amfanin gona, da kabanci, watau wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, ga kuma dambe da kokawa da kaɗe-kaɗe. Babban su, wanda dominsa kowa ya zo, sai ranar ƙarshe, kuma bai fi kamar sa'a guda ba. Wannan dabara ce. Da an fara da shi, da jama'a sun watse tun rana ta biyu, masu tuwo da masu sayar da tabarmi da ƙwarya su koma gida da kayansu.

Amma abin da ya fi riƙe bikin shi ne kowane sashe yana da mai shi. Ruwan Matan Fada, inda ake yin su, yana hannun Sarkin Ruwa, masunta kuwa suna da shugabansu, Homa. Akan hana su a wurin har lokacin biki, don kifi ya samu ya girma. Ran wasa dubban masunta suna tsaye a bakin gaɓa da komarsu da goransu, ba mai shiga sai an ba da alama. Ba yawan dogarai ne ke tsai da su ba, a'a, sun san mai ruwan ne, kuma tun kakanninsu maganarsa ake ji. Haka ya kamata a yi a tudu. Filin dambe a bar shi ga Sarkin Fawa da manyan 'yan dambe, gama dambe wasan mahauta ne tun asali, su suka san wanda ya isa ya kara da wane, su suka san lokacin da za a raba. Hakimin da ya ɗauki wani yaronsa na fada ya ɗora bisa filin da bai san ka'idarsa ba, shi ne zai kwana yana shari'a.

Makaɗa ma a sa musu ido. Kalangu shi ke ɗaga ɗan dambe, kuma duk ƙasar Sakkwato an san yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago. Sai dai bakin da ke kirari shi ne kuma ke zambo. In aka zagi garin baƙi a daren farko, sauran kwanakin ba za a yi su lafiya ba. Saboda haka a kira shugaban makaɗa tun kafin a fara, a yi magana da shi.

Aikin malamin hakimi ba ƙarami ba ne, ko da yake ba a yi masa kirari. Shi zai rubuta sunan kowane mai shiga gasa da garinsu, da kyautar da aka yi alkawari, da wanda ya yi alkawarin, tun kafin a buga ganga. A Argungu ma'auni ne alƙali: a 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, na 2020 kuwa kilo 78. Duk da haka a 2008 an ƙwace kyauta daga wanda aka ce ya ci, bayan da aka sami ƙarar cewa kifin nasa ba a ruwan gasa aka kama shi ba, mataccensa aka shigo da shi. Watau awo kaɗai bai isa ba, sai da shaidu. In kokawa ce, malam ya rubuta wanda ya yi kaye nan take, a gaban mutum biyu waɗanda ba garinsu ɗaya da 'yan wasan ba, a karanta wa jama'a kafin a tashi.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a ce a'a. A 2006 an hana kamun kifin Argungu saboda ruwa ya yi ƙasa, aka ji tsoron hatsari. Bayan na 2009 kuma bikin ya tsaya, ba a sake yinsa ba sai a watan Maris na 2020, mafi yawa saboda rashin tsaro. In damina ba ta yi kyau ba, ko ana ciwo a gari, ko hanya ba ta da aminci da dare, hakimi ya shawarci dagatai da limamai da hukumar tsaro, ya rage kwanakin ko ya ɗaga wasan. Malam kuwa ya rubuta dalilin a littafi, ya aika wa ƙauyuka takarda ran kasuwa, don kada baƙi su taso a banza.