Tsohuwar Motar Soja: Kada Ka Yi Gaggawar Murɗa Makulli

Tambaya: Na sayi tsohuwar Mercedes 911 ta sojoji a gwanjo, ta daɗe a ajiye. Ina so in riƙa ɗaukar hatsi da ita. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri, ka sayi mota mai juriya. Amma don Allah kada ka tayar da ita tukuna. Dizal ɗin da ya kwana shekaru a tanki ya tara ruwa da datti, in ya shiga famfon injekta gyaran zai ci kuɗi sosai. A zubar da shi, a wanke tankin, a canja filta da baƙin mai, a fitar da iskar bututun mai. Injinta OM 352 mai silinda shida ba shi da kwamfuta, gogaggen bakanike zai iya da shi.

Birki ne ya fi damuna. Roba tana tsufa ko ba a tuƙi, saboda haka a sauya bututun birki da tayoyi ko da haƙoransu na nan sabbi. Motar da aka ɗora wa buhunan masara ba ta tsayawa da birkin shakka.

Ka duba wutarta: yawancin motocin soja volt 24 suke amfani da shi, kayan volt 12 za su ƙone. A duba man giya da na aksil. Lokacin hunturu a yawaita wanke matatar iska.

Kayan gyara kuwa, ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da tsohon ƙarfen a hannunka don gwadawa.