Ruwan Da Ya Wuce Sifili Bai Daskare Ba

A aji an koya mana cewa ruwa yana daskarewa a digiri 0. To amma wani lokaci za ka ciro gorar ruwa daga firiji, ruwa ne zalla, kana buga ta a tebur sai fari ya bi ta, nan take ta kama ƙanƙara. Wasu su ce siddabaru ne. Ko kusa! Masani Daniel Fahrenheit ya rubuta bayanin irin wannan tun shekarar 1724.

Sanyi kaɗai ba ya isa. Ƙwayoyin ruwa, waɗanda ido ba ya gani, kullum cikin kai-komo suke. Kafin su zama ƙanƙara sai sun jeru, kowace ta riƙe maƙwabta huɗu, cikin tsari mai kusurwa shida. Fara jeren shi ne wuyar: 'yan kaɗan su haɗu, su sake watsewa. Suna buƙatar abin da za su kama, kamar ƙura ko ɓarɓashin ƙanƙara. In babu, ɗigon ruwa mai tsabta yakan kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili bai daskare ba. Bugun nan da aka yi wa gorar shi ya ba su mafari.

Da an fara kuwa, sai wata matsalar. Daskarewa tana fitar da zafi: giram 1 in ya daskare yana sakin abin da zai ɗumama giram 80 na ruwa da digiri 1. Tsinin ƙanƙarar da ya kutsa cikin ruwa mafi sanyi ya fi saurin zubar da zafinsa, shi ya sa take girma da rassa kamar gashin tsuntsu. Zafin nan kuma yana mayar da gorar digiri 0, sai girman ya tsaya. Ruwan da ke digiri 8 ƙasa da sifili, kusan kashi 1 cikin 10 kawai ke daskarewa a wannan bugu. Ka ji dalilin da ya sa take fitowa ruɓu-ruɓu, ba kamar dutse ba.

Haka abin yake a saman hadarin damina. Ɗigo-ɗigon ruwa irin wannan suna nan birjik, ƙurar hamada na cikin abin da ke ba su mafari. In iska mai ƙarfi ta daɗe tana riƙe da ƙwallon ƙanƙara a sama, ɗigon na manne masa yana ƙara girma, har ya faɗo ya yayyage ganyen gero. Ashe abin da ke cikin gorar nan shi ne ke saman gonakin iyayenmu.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.